Shingen Ƙudan Zuma a Sagalla: Inda Ya Tare Giwaye da Inda Ya Gaza

Sagalla yanki ne na ƙananan ƙauyuka a gindin wani tsauni, kudu da garin Voi, cikin gundumar Taita-Taveta a kudu maso gabashin Kenya. Ƙaddara ta ajiye mutanen wurin a tsakanin gandun daji biyu, Tsavo ta Gabas da Tsavo ta Yamma, waɗanda aka keɓe tun 1948, faɗinsu a haɗe ya kusa murabba'in kilomita 22,000. A ƙidayar namun dajin da Kenya ta yi a 2021 an samu giwaye 36,280 a ƙasar baki ɗaya, kusan 15,000 daga cikinsu a yankin Tsavo suke. Giwa kuwa ba ruwanta da iyakar da aka zana a takarda. Tana da hanyoyin da kakanninta suka saba bi tsakanin dazukan biyu don neman ruwa da ganye, kuma a yau gonaki ne a kan wasu daga cikin hanyoyin, ga babban titin Mombasa zuwa Nairobi, ga kuma sabon layin dogo da aka buɗe a 2017.

Manoman Sagalla ba masu ƙarfi ba ne. Eka ɗaya ko biyu, masara da wake da koren wake, wani ya ɗan jefa kankana ko rogo a gefe. Ruwan sama ba ya wadatar da su. Sau biyu yake zuwa a shekara, amma wanda suka fi dogara da shi shi ne na Oktoba zuwa Disamba, saboda haka amfanin gona yakan nuna daga ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa. Daidai wannan lokacin ne giwaye ke saukowa. Babban toron giwa yana iya cin abinci kilo 150 a yini, abin da yake tattakewa kuma ya fi wanda yake ci. Idan garke ya shiga gona bayan sallar isha'i, kafin asuba an gama da noman shekara.

Ba zama suka yi suna kallo ba. Sun yi shingen ƙaya, sun hura wuta a kusurwar gona, sun haska tocila, sun buga garwa da gwangwani, sun saki karnuka, sun yi jifa da majajjawa. Duk waɗannan suna aiki na ɗan lokaci, har giwa ta gane cewa hayaniya ce kawai babu ciwo a cikinta. Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kowa: magidanci ya kwashe makonni yana kwana a gona sauro na cizonsa, gari ya waye ba shi da ƙarfin ɗaga fartanya, yara su makara zuwa makaranta don ana jiran giwaye su bar hanya, mace ta fasa zuwa itace ko ɗebo ruwa. Dokar namun daji ta Kenya ta 2013 ta tanadi diyya, har shilin miliyan 5 ga iyalan wanda dabba ta kashe, amfanin gona kuma a biya bisa farashin kasuwa. Sai dai mutum yakan cike takarda ya jira shekaru. Wanda ya gaji da jira, wani lokaci mashi ko kibiya mai dafi yake ɗauka.

Daga ina dabarar ta fito

Dabarar ita ce a kewaye gona da amyoyin ƙudan zuma don su kori giwa. Ba a ɗakin bincike aka fara sanin cewa giwa na tsoron zuma ba. Makiyaya da masu ɗebar zuma a arewacin Kenya sun daɗe suna faɗin cewa giwa ba ta taɓa bishiyar da amya ke kanta. Abin da masana suka yi shi ne ɗaukar maganar da muhimmanci. A 2002 Fritz Vollrath na Jami'ar Oxford da Iain Douglas-Hamilton, wanda ya kafa ƙungiyar kare giwaye ta Save the Elephants a 1993, suka rataya amyoyi a kan bishiyoyin ƙaya a yankin Laikipia. Bishiyoyin da amyarsu ke da zuma a ciki giwaye suka ƙyale su, har amyar da babu komai a ciki ma ta ɗan ba da kariya.

Lucy King, wadda a lokacin take karatun digirin digirgir a Oxford, ita ta ɗora daga nan. A gandun dajin Samburu ta naɗi ƙarar zumar da aka tsokana, ta ɓoye lasifika kusa da iyalan giwaye da ke hutawa a inuwa da tsakar rana, ta kunna. Cikin iyalai 17, guda 16 sun bar wurin kafin daƙiƙa 80 su cika, wasu da gudu, suna kaɗa kai suna watsa wa jikinsu ƙura. Da aka kunna musu wata ƙara ta daban mai ƙarfi iri ɗaya, yawancinsu ba su damu sosai ba. An buga wannan a 2007. Bayan shekara uku, ita da abokan aikinta suka nuna cewa giwaye suna da wani gurnani na musamman da suke yi idan sun ji zuma, kuma idan aka naɗe gurnanin aka kunna wa wani garken da bai ji zumar ba, shi ma sai ya tashi yana kaɗa kai. Wato suna gargaɗin juna.

Mai karatu zai ce yaya ƙwaro zai huda fatar giwa. Ba ya hudawa a yawancin jiki. Amma akwai gefen ido, da bayan kunne, da cikin hanci inda fata take da laushi da danshi, kuma zumar Afirka ba ɗaya-ɗaya take fita ba, da ɗaruruwa take fitowa ta kuma bi abin da ya taɓa ta da nisa. 'Ya'yan giwa fatarsu ba ta yi kauri ba, don haka uwa ba ta wasa da wurin da ta ji ƙanshin amya.

Gwaji na farko mai girma a gonaki an yi shi ne a Ngare Mara, cikin al'ummar Turkana a arewacin Kenya, inda aka kwatanta shingen amya da shingen ƙaya da aka saba. A cikin sau 32 da giwaye suka kutsa gonaki, sau ɗaya tak suka bi ta wajen amya, sauran duk ta ƙaya suka fasa. A 2009 aka kafa shingen farko a Sagalla. Daga baya mutanen ƙauyen Mwakoma suka ba da fili aka gina cibiyar bincike da ɗakin tace zuma, nan ne aikin ya yi zaman dindindin.

Yadda shingen yake

Wanda bai gani ba zai ɗauka katanga ce. Ba katanga ba ce, kuma akuya ma za ta wuce ta ƙarƙashinta. Ana kafa dirkoki biyu, a rataya amya a tsakaninsu da waya yadda za ta riƙa lilo, daidai ƙirjin mutum, a yi mata 'yar rumfar ciyawa a sama saboda zuma ba ta zama a akwatin da rana ke gasawa. Bayan mita 10 sai a sake wasu dirkokin, haka har a zagaye gona. Sannan a ja waya guda ɗaya, marar ƙaya, ta haɗa kowace amya da ta kusa da ita. Giwa ta zo cikin duhu ta tura wayar da ƙirji, sai amyoyin hagu da dama su girgiza, zuma ta tashi.

Ba duka abin da ke rataye ba ne amya ta gaskiya. Tsakanin kowace biyu akan sa ta bogi, allo ne kawai da aka yanka aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa kamar sauran. Gona mai eka ɗaya takan ci amya 12 na gaske da 12 na bogi. Dalili biyu ne: kuɗi ya ragu, sannan furen da ke kewaye ba zai iya ciyar da zuma gida 24 a wuri ɗaya ba. Dirkokin ma akwai hikima a zaɓensu. An fi son reshen dashi, domin idan aka kafa shi ɗanye yakan yi saiwa ya tofo, gara ba ta cinsa kamar busasshen itace, daga baya ya zama inuwar amyar da kansa. Duk wanda ya san shingen dashi a karkarar ƙasar Hausa ya san wannan halin nasa.

Akwai tambayar da masu shakka ke yi, kuma tana da tushe: giwa da dare take zuwa, zuma kuwa ba ta cika tashi cikin duhu da sanyi ba. Gaskiya ne. Abin da ke tare giwa a yawancin dare ba harbi ba ne, tunawa ce. Tana jin ƙanshin amya daga nesa, tana jin ƙugin da ke tashi idan an girgiza ta, kuma ta san abin da ke biyo baya. Wani gwaji da aka yi a yankin Kruger na Afirka ta Kudu, aka buga a 2018, ya nuna ƙarfin ƙanshin kaɗai: an shafa sinadarin da zuma ke fitarwa idan ta fusata a jikin safa aka ajiye a bakin mashaya, giwaye 25 cikin 29 da suka sansana suka ja da baya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Abin da ya bambanta Sagalla da yawancin ayyukan taimakon manoma shi ne an zauna an ƙirga. Duk safiyar da giwa ta zo, akan bi sawunta a ga ta ina ta ɓullo, ina ta tsaya, ta fasa ko ta juya. Rahoton farko, na 2017, ya shafi gonaki 10 da amya 131 cikin wata 43. Giwaye 253 ne suka shigo yankin gonakin, shingen ya tare kashi 80 cikin 100. Manoman sun kuma sayar da zuma kilo 228 a kan dala 1,134.

Rahoto na biyu ya fito a 2024, ya fi na farko faɗi da tsawon lokaci: gonaki 26 a ƙauyuka biyu, Mwakoma da Mwambiti, da giwaye kusan 4,000 da suka tunkari shingayen. A lokutan da amfanin gona ke tsaye, daga Nuwamba zuwa Janairu na shekarun 2014 zuwa 2020, an tare kimanin kashi 86 cikin 100. Idan aka haɗa duk watannin shekara, har da na fari, adadin ya sauko zuwa kashi 76.

Jaridu sun fi ɗaukar 86 ɗin. A ganina tazarar da ke tsakanin 86 da 76 ita ce ainihin labarin, domin a cikinta ne shekarar 2017 take.

Shekarar da zuma ta tafi

A 2017 fari ya afka wa yankin. Fure bai fito ba, tafkuna suka ƙafe. Zumar Afirka kuwa ba ta zaman haƙuri da yunwa, idan wuri ya gagara sai gida guda ya tashi ya yi ƙaura. Yawan amyoyin da ke da zuma a ciki ya faɗi da kashi 75 cikin 100, kuma ba a farfaɗo a damina ɗaya ba, an ɗauki shekaru ana jin raɗaɗin a yawan zumar da ake ɗiba. Shinge ya koma jerin akwatuna marasa kowa. Giwa dabba ce mai gwaji. Toro ɗaya ya tura waya ya ji shiru, gobe ya dawo da abokai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matsalar ta fi haka zurfi. Farin da ya kori zuma shi ne kuma ke koro giwa daga daji zuwa ƙauye, tana neman ɗanyen ganye da ruwan tanki. Ke nan shingen yana raunana ne a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Kuma fari a gabashin Afirka ya daina zama baƙo: a wanda ya biyo baya, hukumomin Kenya sun ce giwaye 205 suka mutu tsakanin Fabrairu da Oktoba na 2022 kawai. Ruwa mai yawa ma yana da tasa illar, domin yakan kaɗe fure ya hana zuma fita kiwo.

Daga nan ne ya bayyana sarai cewa wannan shinge kiwo ne, ba gini ba. Wanda ya ja wayar lantarki ya gama, sai gyara jefi-jefi. Mai shingen amya kuwa ya ɗauki dabba ce da za ta ci ta sha. Da rani sai ya ajiye mata ruwa a kasko, ya jefa tsakuwa ko ƙirare don kada ta nutse. Idan yunwa ta yi tsanani ya dama mata sukari. Ya share ciyawar gindin dirka saboda gobara da tururuwa, ya gyara rumfar da iska ta yaye, ya ɗaure wayar da ta saki, ya buɗe amyar da aka bari ya kakkaɓe zanzaro da gizo-gizo, ya shafa kaki don jawo sabon gida. Gona biyu a jere, shinge iri ɗaya, amma ta mai kula ta tsira ta mai sakaci ta sha kashi.

Ga kuma dage. Wannan ɗan dabba da bai kai kare girma ba yakan hau dirka cikin dare ya fasa amya ya cinye saƙa da 'ya'yan zuma, harbi bai dame shi ba. Dole aka koma naɗe dirkoki da fallen kwano mai santsi, wasu amyoyin kuma aka sa su cikin kejin ƙarfe. Abin dariya ne a ce an shirya wa giwa, sai ga dage ya zama babban abokin gaba, amma haka aka yi, kuma kowane keji ƙarin kuɗi ne.

Maganar kuɗi

Ana yawan tallata wannan dabara da cewa riba biyu ce, ga kariya ga kuɗin zuma, wadda ake sayarwa da tambarin cewa zuma ce mai zaman lafiya da giwa. Akwai gaskiya a ciki, amma a duba lissafin. Rahoton 2024 ya ce amyoyi 365 sun ba da zuma kimanin tan ɗaya, aka sayar dala 2,250. A raba wa gonaki 26, kowace ba ta kai dala 90 ba, kuma ba a shekara ɗaya ba, a tsawon shekarun binciken gaba ɗaya. Kafa shinge da akwatunan zamani a gona guda kuwa yana cin sama da dala 1,000. Babu manomin Sagalla da zai fitar da wannan daga aljihunsa, kuma zumar ba za ta mayar masa da shi nan kusa ba. Masu ba da tallafi ne suka biya.

Wannan bai sa aikin ya zama banza ba. Ribar gaskiya tana cikin buhunan masarar da suka isa rumbu, da barcin da magidanci ya samu a ɗakinsa, da ƙarin yabanyar wake da kabewa da zuma ke kawowa ta hanyar barbarar fure. Akwai kuma abin da ba a aunawa da sikeli: mutumin da ke ganin yana da abin yi da hannunsa ba ya saurin ɗaukar mashi. Amma duk wanda zai kai dabarar wani wuri ya ce wa talaka zuma za ta biya kuɗin shinge, ya yi masa alkawarin da alƙaluman Sagalla ba su goyi baya ba. Amyar gargajiya ta kututture tana rage kuɗin sosai, ko da yake ɗibar zuma a cikinta ba tare da an tarwatsa gidan ba ya fi wuya.

Sauran dabbobi, da maƙwabcin da ba shi da shinge

Shingen amya na giwa ne kaɗai. Bika da birai da rana suke zuwa, su bi ta ƙarƙashin waya hankali kwance. Gadu da beguwa ma haka, tsuntsaye kuwa ba a magana. Waɗannan har yanzu sai tsaro da ido da kare da shingen ƙasa, kuma a wasu gonakin ɓarnarsu ta yau da gobe idan aka tara ba ta gaza ta giwa ba, illa dai ba ta zuwa da tsoro.

Sannan giwar da aka tare ba daji take komawa da yunwarta ba. Sau da yawa zagayawa take yi ta faɗa gonar da ke gaba. A ƙauyukan da gonaki 26 ke da shinge sauran ba su da shi, wannan magana ce mai iya ɓata zumunci, kuma ita ce ta sa zaɓen wanda za a fara kafa wa shinge ya zama aikin taron gari, gonakin da ke bakin daji su ne a gaba.

Masu aikin da kansu sun daina maganar zuma ita kaɗai. A Sagalla an shiga ƙarfafa noman abin da giwa ba ta so, irin su riɗi da barkono da furen rana, wanda kuma abinci ne ga zuma. An kawo hasumiyar tsaro da ke ɗaga mai gadi sama da inda giwa za ta kai, da fallayen kwano da ake ratayawa a waya su yi ƙara su yi walƙiya, da wani haɗi mai ɗoyi da aka fara a Yuganda, na barkono da tafarnuwa da citta da ganyen darbejiya da kashin shanu da ruɓaɓɓen ƙwai, a bar shi ya ruɓe a zuba a gorori a rataya. Mata kuma suna saƙar kwanduna don kada gida ya dogara ga gona kaɗai. A 2022 Save the Elephants ta tattara dabaru sama da 80 a littafi guda mai zane-zane. Hujjar ita ce giwa tana sabawa da duk abin da aka daɗe ana yi mata, don haka sai ana sauyawa ana haɗawa.

A wajen Kenya sakamakon ya bambanta. An ga nasara a Tanzaniya da kuma kewayen gandun Gorongosa a Mozambik. A wasu sassan Asiya kuwa, inda zumar gida ba ta da zafin ta Afirka, tasirin bai kai haka ba.

Ko zai yi a wajenmu

Tambayar ba ta nesa ba ce. Gandun dajin Yankari a jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe a Najeriya, ana ƙiyasta su 100 zuwa 150, kuma ba shi da katanga. Ƙauyukan da ke kewaye sun san ɓarnar giwa a gonakin masara da dawa da gero lokacin kaka. A gabashin Borno ma garkuna kan tsallako daga wajen gandun dajin Waza na Kamaru.

Muna da abubuwa biyu da Sagalla ta nema: dashi, da mutanen da suka gaji sana'ar zuma, waɗanda suka san yadda ake turara amya a jawo gida. Abin da zai sauya shi ne al'adar ɗiba. Amyarmu a ƙololuwar bishiya take, kuma akan ɗebe ta da wuta cikin dare a kwashe saƙa duka, gidan ya watse sai wata shekara. Shinge kuwa yana son zuma ta zauna daram daga shuka har girbi, a sauko da ita daidai ƙirji, a ɗebi rabi a bar mata rabi. Raninmu ya fi na Sagalla tsawo, wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa, ga ƙunar daji da ake yi bayan girbi wadda za ta lashe rumfa da dirka cikin minti kaɗan, ga maganin feshi da ake zuba wa wake daidai lokacin da yake fure. Duk ƙauyen da zai gwada, kafin a sayi akwati ko ɗaya sai an fara sanin inda zuma za ta sha ruwa a watan Maris, da wanda zai riƙa kai mata.